Jar Giyar Bordo da Zoɓon Mubi: Ilimin Ɗanɗano da Ba Mu Rubuta Ba

Giya haramun ce ga Musulmi, kuma wannan maƙala ba kira ba ce ga kowa ya sha. Abin da ya sa na ɗauko zancen jar giyar inabi ta yankin Bordo da ke kudu maso yammacin Faransa shi ne, a nan aka fi ganin yadda al'umma ke mayar da abin da harshe ke ji ya zama ilimi rubutacce, mai doka da daraja a kasuwar duniya. Ra'ayina shi ne Mubi da kewayenta suna da irin wannan gwaninta, rubutun ne kawai babu.

Jar giyar Bordo haɗi ce. Kogunan Garon da Dordon suna haɗuwa su zama Jirond, su raba yankin gida biyu. A gaɓar hagu, wajen Medok, ƙasar tsakuwa ce mai riƙe ɗumi, nan inabin Cabernet Sauvignon ya fi yin kyau. Fatarsa kauri gare ta, yana da bauri sosai, kuma sinadarin da ke kawo baurin dangin wanda ke cikin goro ne. A gaɓar dama, wajen Saint-Émilion da Pomerol, laka ta fi yawa, sai Merlot ya yi rinjaye, mai laushi a baki, mai saurin nuna. Akan ƙara Cabernet Franc saboda ƙamshi, da ɗan Petit Verdot saboda launi.

Ba don gwaninta kaɗai suke haɗin ba. Damina a Bordo ba ta da tabbas. Idan ruwan kaka ya ɓata inabin da ke jinkirin nuna, wanda ya riga shi ya shiga rumbu. Dabarar manominmu ce da ke zuba dawa da wake a gona guda. Matsanancin sanyin 1956 ya kashe gonaki masu yawa, daga nan inabin Malbec ya ja baya a yankin, Merlot ya cike gurbinsa.

Kowane iri daban ake tsima shi, sannan masu ɗanɗano su zauna su yanke yadda za a gauraya. Suna farawa da ido, su duba zurfin ja. Su kaɗa kofi su shaƙa. Su kurɓa su juya a baki, su auna tsami da bauri da tsawon lokacin da ɗanɗanon ke ɗauka kafin ya gushe, sannan su tofar. Muhimmin abu shi ne suna rubuta abin da suka ji, shekara bayan shekara. Émile Peynaud, malami a jami'ar Bordo, ya tsara wannan fanni a littafinsa na 1980. Tun kafin shi, a 1855, sarkin Faransa Napoleon na Uku ya sa aka jera manyan gonakin yankin daraja biyar, jerin da babban sauyin da ya taɓa samu shi ne ɗaga darajar gonar Mouton Rothschild a 1973. A 1935 kuma Faransa ta yi dokar da ta ɗaure sunan abin sha da ƙasar da ya fito.

To, mu dawo gida. A gindin duwatsun Mandara, inda Gude da Fali da Higi da Margi suke zaune tare da Fulani da Hausawa, sarrafa jar dawa zuwa burkutu tsohuwar sana'a ce ga waɗanda addininsu bai hana ba. Walter van Beek, masani ɗan ƙasar Holan da ya daɗe yana nazarin Higi da danginsu Kapsiki, ya nuna cewa suna da jar giya da maza ke dafawa don bukukuwan gargajiya, da fara wadda mata ke kaiwa kasuwa. Baƙo ne ya rubuta wannan, kuma abin ya kamata ya dame mu.

Amma misalin da ya fi kusa da kowa shi ne zoɓo, wanda Musulmi da Kirista ke sha ba tare da shakka ba. Shi ma ja ne, kuma sinadarin da ya rina shi dangi ɗaya ne da na fatar inabi. Shi ma haɗi ne. Matar da ta iya ta san baƙin zoɓo da ja ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ta san citta idan ta yi yawa takan danne ƙamshin kanumfari. Ta san inda masoro ke shiga, da lokacin da ɓawon abarba ke tausasa tsami ba sai an cika sukari ba. Tana ɗanɗanawa a ludayi ta gyara, kamar yadda ake yi a Medok. Bambancin shi ne idan ta rasu, ma'auninta ya tafi da ita. Abin takaici, garin ɗanɗano na leda da ake barbaɗawa yanzu yana mayar da zoɓon kowa iri ɗaya.

Wani zai ce ina zoɓon leda ina kwalbar Faransa. Amsar tana maƙwabta. A 2013 ƙungiyar OAPI, mai kare haƙƙin mallakar fasaha a wasu ƙasashen Afirka, ta yi wa masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru rajista da sunan wurarensu, daga baya Nijar ta bi da kilishinta da albasar Galmi. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fara da alfarma. Najeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, amma kafin doka ai sai an san abin da za a kare.

Wannan aiki na Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi ne da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin. Su tura ɗalibai ga masu zoɓo da kunun zaƙi da kunun gyaɗa, su auna haɗinsu, su rubuta daga wace gona kayan suka fito, su kafa zaman masu ɗanɗano da zai riƙa kwatanta na bana da na bara. Kuma a sa sunan kowace gwana a kan abin da ta koyar.