Gidajen da ke jere: fuska ta gari, ciki na mai gida

Yau hirarmu a kan tarihin gina gida ce. Ku karanta sannu sannu. Wanda ya gama ya taimaki na kusa da shi.

Mu fara da Lugu, garin Sarauniya, a ƙasar Arewa. A watan Afirilu na 1899 sojan Faransa, ƙarƙashin Bule da Shanuwan, suka yaƙi Sarauniya Mangu. Suka sa wa garin wuta. Kun san halin bukka. In wuta ta kama ɗaya, sai ta tsallaka ta kama ta kusa. Tun kafin wannan lokaci mutanen manyan birane suka san wannan haɗari. Shi ya sa suka riƙa gina soraye na ƙasa.

Ga yadda maginan Hausa ke yi. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa. A mulmula tubali da hannu, a shanya a rana. Gindin bango yana da kauri, sama kuwa siriri. Rufi da azarar giginya ake yi, don gara ba ta cika cin ta ba. Azara ba ta ɗaukar nauyi in ta wuce kamar mita 2. Don haka, in ana son babban ɗaki, sai a ɗaure azara a yi bakan gizo. A ƙarshe a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. A sa indararo don ruwa ya zuba nesa da bango.

Wannan sana'a tana da gwanaye. A Zariya, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya hau sarauta a 1834. A nan Nijar, Falke Barmu ya fara ginin masallacin Yama a 1962. A 1986 ginin ya ci kyautar Aga Kan. Tsohon garin Agadas kuma ya shiga jerin kayan tarihi na duniya a 2013.

Wanda ya taɓa zuwa unguwar Birni a Damagaram ya ga gidaje jere, katanga na manne da katanga. Kowane gida yana da zaure mai kallon hanya. Sama ga zanko, jikin bango ga zane. Baƙo iyakarsa zaure. Cikin gida na iyali ne, kowa da yadda ya tsara nasa.

To, ko kun san Turawa ma sun yi irin wannan tunani? A 1666 gobara ta cinye gidaje fiye da 13,000 a birnin Landan na Ingila. Yawancinsu na katako ne. Sai hukuma ta kafa doka, a yi gini da bulo ko dutse. Daga 1714 zuwa 1830 sarakuna huɗu masu suna Joji suka mulki ƙasar. A zamaninsu aka yawaita gina gidajen bene a jere, bango ɗaya tsakanin maƙwabta biyu.

Mafi shahara yana garin Bat. Wani magini, Jon Wud ƙarami, ya jera gidaje 30 a lanƙwashe kamar jinjirin wata, tsakanin 1767 da 1774. Shi fuskar kawai ya tsara. Tagogi daidai, ƙofofi daidai, dutse iri ɗaya. Wanda ya sayi fili sai ya gina bayan yadda yake so. Daga gaba ka ce gida ɗaya ne. In ka zagaya baya, kowane da irin nasa.

Kun ga darasin. Ko a Damagaram ko a Bat, fuskar gida ta gari ce, ciki na mai gida. Bangon tsakani kuwa na mutum biyu ne. In ka bari naka ya jiƙe, na maƙwabcinka ma zai faɗi.

Yau a Dogon Dutsi da Tibiri mutane da yawa sun koma siminti da kwano. Ba laifi ba ne. Amma ɗakin kwano yana da zafi da bazara, soron ƙasa kuwa yana da sanyi. Abin da ginin ƙasa ke so shi ne kulawa. Kafin ruwan farko, ku hau rufi ku duba. Ku share indararo. Ku yi yaɓe tare da maƙwabta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya rubuta kalmomin nan biyar a littafinsa: tubali, azara, zaure, zanko, makuba. Sannan ya je wurin tsohon magini na garinsu, ya tambaye shi wanda ya koya masa. Ku rubuta amsar, ku kawo aji mu karanta tare.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.