Sikila da zazzaɓi: ƙidayar da aka yi a Garki

Illo na gefen kogin Neja, a ƙaramar hukumar Bagudo, dab da iyakar Benin. Ƙasar fadama ce da shinkafa, saboda haka ƙasar sauro ce. A irin wannan wuri ne wani ɗan sauyi a ƙwayar gado, wanda ke haifar da amosanin jini, ya samu gindin zama. Yaya aka yi aka gane amfaninsa da illarsa, alhali ba a gwaji da zuriyar mutane?

Anthony Allison ne ya fara nunawa a 1954, a Gabashin Afirka, cewa masu jinin AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro. Amma ƙidayar da ta fi kusa da mu an yi ta ne a Garki, wadda take Jigawa a yau, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da bincike daga 1969 zuwa 1976. Alan Fleming da abokan aikinsa suka gwada jinin jarirai, da na yara, da na manya. Jarirai masu SS sun kai kusan kashi 2 cikin 100, amma bayan shekara biyar da ƙyar ake ganin ɗaya. Masu AS kuwa, daga kusan kashi 24 a jarirai suka haura zuwa kusan 29 a manya. Jinin mutum ba ya canzawa. Mutuwa ce ta fi ɗaukar masu AA.

Daga nan lissafi ya biyo. Tunda kowane zamani yana asarar masu SS amma ƙwayar ba ta raguwa, dole ribar AS ta cike giɓin, kuma adadin Garki na nufin AA na baya da kusan ɗaya cikin shida. Hanyar tana da rauni, don tana ɗauka cewa al'umma ta daɗe a hali ɗaya.

Illo ba ta taɓa zama haka ba. Ta nan fataken goro ke ƙetare kogi zuwa Gonja, yankin da wani sauyin daban, jinin C, ya fi yawa. A 2001 David Modiano ya nuna a Burkina Faso cewa CC na rage haɗarin zazzaɓi da kusan kashi 93, ba tare da azabar SS ba. Amma wanda ya gaji S daga uwa, C daga uba, yana iya fama da ciwon sikila, ko da yake yawanci bai kai na SS tsanani ba.