Amosanin Jini, Sauro da Tarihin Noma

A shekarar 1910 ne James Herrick, wani likita a birnin Shikago, ya fara bayyana wannan cuta a rubuce, bayan an ga ƙwayoyin jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Giranada sun lanƙwashe tamkar lauje. Likitocin Amurka sun daɗe suna ɗaukarta cutar baƙar fata kurum, har wasunsu kan nemi asalin Afirka ga duk Baturen da aka same shi da ita.

A 1954 Anthony Allison ya warware wannan kuskure. Bincikensa a Afirka ta Gabas ya nuna cewa wanda ya gaji irin cutar daga mahaifi ɗaya yakan fi jure zazzaɓin cizon sauro, wanda ya gada daga duka biyun kuwa shi ke kwanciya. Shi ya sa ake samunta a Girka da Indiya da gabashin Saudiyya.

Frank Livingstone, a 1958, ya danganta yaɗuwarta a Afirka ta Yamma da noma: sassabe ya buɗe wa sauro kududdufai, zaman ƙauye ya tara masa jama'a. Hujjarsa ba ta kai ta Allison ƙarfi ba, amma ya kamata masana tarihi su dube ta, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya suna ɗauke da irin.