Hatimi, Tuta da Dawaki Biyu: Alamun Mulki a Ƙasar Rima

Duk wanda ya taɓa tashi daga Sisawa zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa ya san inda maganar take ƙarewa. Ko an rubuta, ko an sa hannu, akawu zai ce a dakata, ba a buga hatimi ba tukuna. Sai an danna shi a tawada an buga sannan takarda ta zama takarda. A samanta kuwa ga dawaki biyu farare sun dafa baƙar garkuwa, jar gaggafa na bisa.

Hatimi ya girmi dawakin nesa ba kusa ba. Tun lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a Wurno, inda ya rasu a 1837 kuma nan hubbarensa yake, wasiƙun daula da hatimi suke fita. Babu doki a jikinsa, babu tsuntsu, rubutun Larabci ne. Haka tutocin da Shehu Usmanu ya bai wa jagororin jihadi: darajar tuta tana ga hannun da ya miƙa ta. Wato a wancan tsari alamar mulki ana karanta ta ne, kuma tana nuna mutum takamaimai wanda za a iya tuhuma in ya saɓa.

Muhimmancin hatimi ya fito fili a 1902. Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka a Arewa, ya ce ya samu wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman mai cewa babu komai tsakaninsu sai yaƙi, ya kuma kafa hujja da ita kafin ya auka wa Sakkwato a Maris na 1903. Daga baya D.J.M. Muffett, wanda shi kansa ya yi aikin mulki a Arewa, ya nuna shakka kan wasiƙar a littafinsa na 1964, domin fassarar Turanci ce ke yawo, ba a ga asalin ba. Inda babu asali babu hatimin da za a duba, shi ya sa gardamar ta ƙi mutuwa.

Tambarin Nijeriya na 1960 daga wata al'ada ya fito, ta gidajen sarautar Ingila, inda hoto ke magana. Baƙar garkuwa ƙasar noma ce, dawaki martaba, gaggafa ƙarfi, farin zane mai reshe biyu kuma Kwara ce da Binuwai da suka haɗu a Lokoja. Taken da ke ƙasa da Turanci yake: haɗin kai da imani, sai a 1978 aka ƙara zaman lafiya da ci gaba. A ganina dawakin kawai suka shiga zuciyar mutanen nan ba tare da tafinta ba, don wanda ya ga hawan salla ba ya buƙatar a faɗa masa ma'anar ingarma. Zanen kogunan kuwa, manomin albasa a fadamar Goronyo yana iya ɗaukarsa Rima ce da Gulbin Sakkwato, tunda su ma haɗuwa suke yi kusa da birnin Sakkwato. Ba zan ce ya yi kuskure ƙwarai ba.

Tsakanin hatimi da tambari akwai ɗan Rabah, Sardauna Ahmadu Bello, jinin Muhammadu Bello. Gwamnatin Jihar Arewa ta zamaninsa ta yi nata tambari irin na Turawa, da doki da raƙumi da taken aiki da ibada. Wannan ya shuɗe tare da jihar a 1967. Abin da ya rayu shi ne dagin Arewa, ƙullin nan da ba a gane farkonsa bare ƙarshensa, wanda maɗinka da magina suka daɗe suna sa wa riguna da bangon soraye. Ba rubutu ba ne kamar hatimi, ba kuma dabba ba ce kamar ta tambari. Yau babu gwamnatin da yake wakilta, amma ga shi a wuyan riga, a ƙyauren gida, har a bayan motocin da ke ɗauko albasa daga Wurno.