Daga Garke Zuwa Turke: Tarihin Kiwon Maruƙa a Ƙasar Gwandu

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin yadda maraƙi ya baro garken Bafillace ya shigo gidan manomi a Gwandu da Kalgo, har kiwon turke ya zama sana'a. Abin da muke nufi da kiwon turke shi ne a ɗaure maraƙi ko sa a cikin gida, a ciyar da shi har ya yi ƙiba, sannan a sayar wa mahauta. Muna ganin wannan sana'a, a siffarta ta yanzu, ba daɗaɗɗiya ba ce, wasu sauye-sauye ne suka haife ta.

Zamanin Daular Usmaniyya

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya sauka Gwandu a 1805, kuma da aka raba ɗawainiyar mulki a 1812, ƙaninsa Malam Abdullahi ne ya riƙe sashen yamma. A wancan zamani akasarin shanu na hannun Fulani makiyaya, kuma darajar saniya ga nononta da haihuwarta take. Makiyayi ba ya rabuwa da maraƙi sai da lalura, ko wajen fitar da zakka, inda shari'a ta ɗora maraƙi ɗaya a kan shanu 30. Shi kuwa manomi, rabonsa da garke shi ne taki. Bayan girbi sai makiyayi ya sauka gonarsa, shanu su ci kara su bar kashi, kowa ya amfana.

Annoba da Jangali

Abu na farko da ya girgiza wannan tsari shi ne annobar bushiya wadda ta ratsa ƙasar Hausa wajen 1890 zuwa 1891, ta hallaka mafi yawan shanu. Makiyaya da dama suka wayi gari ba ko karsana, dole wasunsu suka zauna suka kama noma. Ke nan, sanin kiwo da sanin noma suka haɗu a gida ɗaya.

Na biyu shi ne zuwan Turawa, waɗanda suka ci Sakkwato a 1903, suka kuma mayar da fadar Sarkin Gwandu Birnin Kebbi a 1906. Jangali dai ya girmi Turawa, don Shehu da kansa ya soke shi a cikin Kitabul Farƙi. Abin da Turawa suka yi shi ne mayar da shi harajin kuɗi a kan kowace saniya, kowace shekara. Tun da makiyayi ba zai sayar da saniya mai haihuwa ba, sai ya riƙa kai maruƙa maza kasuwa irin ta Jega don ya sami kuɗin biya. Wato jangali ya taimaka ƙwarai wajen buɗe wa manomi ƙofar mallakar maraƙi.

Na uku shi ne noma da garma, wanda hukumar gona ta fara yaɗawa a Arewa daga 1928. Manomi ya sayi maruƙa biyu ya horar da su, su yi masa huɗa 'yan shekaru, sannan ya turke su ya sayar, ya sayo ƙanana da ribar.

Abincin Turke

Abin da ya sa sana'ar ta kama ƙasa a nan shi ne abinci. A Kalgo, fadamar Gulbin Kebbi na ba da ɗanyar ciyawa da dusar shinkafa. A tudun Gwandu kuwa akwai harawar wake da ta gyaɗa, da ƙowa, da dusar gero, a haɗa da kanwa. Mata da yara ne ke yawan ɗawainiyar bayarwa, kashin kuma a kwashe a kai gona.

Farin 1972 zuwa 1974, da dawowar bushiya a 1983, sun sake tilasta wa makiyaya sayar da dabbobi da arha ga manoma da 'yan kasuwa. Bugu da ƙari, bunƙasar biranen Kudu irin su Legas da Ibadan ta ƙara buƙatar nama.

Kammalawa

Mun ga yadda annoba da haraji da garma da fari suka kawo maraƙi turke. Amma akwai abin lura. Galibin masu turke ba su haifar da maraƙi, sayowa suke yi daga garke. An yi shelar kawar da bushiya daga duniya a 2011, to amma satar shanu da cinye burtali da makiyaya sun maye gurbinta. Duk ranar da makiyayi ya yi ƙaura da garkensa, turken manomi zai zauna wayam, domin da ruwan ciki akan ja na rijiya. Saboda haka muke kira ga masu nazari da hukuma da su daina duban manomi da makiyayi a matsayin kishiyoyi, alhali tarihin Gwandu ya nuna arzikinsu ɗaya ne.