2.3 Tarihin Samuwar Mita da Matsalar Ingancin Awo

A wannan fasali za a dubi yadda aka samar da mita, domin tarihin nata ya fito da bambancin da ke tsakanin abubuwa biyu da akan haɗe su wuri guda. Na farko shi ne jituwar awo, wato a auna abu sau da dama a riƙa samun amsoshi masu kusantar juna. Na biyu kuwa shi ne ingancin awo, wato amsar ta dace da ainihin girman abin da aka auna.

Kafin juyin juya halin Faransa na 1789, kusan kowace gunduma ta ƙasar tana da nata ma'aunin, abin da ya riƙa haddasa saɓani a ciniki da biyan haraji. Saboda haka a shekarar 1791 Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa ta ba da shawarar a ɗauki tazarar da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin ikwaita, a raba ta gida miliyan 10, kashi ɗaya ya zama mita. A shekarar 1792 aka tura masana taurari biyu, Delambre da Méchain, su auna wani yanki na wannan tazara daga Dunkirk zuwa Barcelona. Aikin bai kammala ba sai 1798.

A Barcelona ne Méchain ya gamu da matsala. Ya auna matsayin garin daga wurare biyu, sai ya tarar amsoshin sun saɓa da kimanin daƙiƙa 3 ta kusurwa, wanda ya yi daidai da kusan mita 100 a doron ƙasa. Ya ɗauka gazawarsa ce, don haka ya ɓoye lamarin har ya rasu a 1804. Sai bayan rasuwarsa Delambre ya gano haka a cikin littattafan aikinsa.

A shekarar 1799 aka ƙera sandar mita ta ƙarfen filatinam, aka kuma bayyana tsawonta da 443.296 a tsohon ma'auninsu mai suna ligne. Lambobi shida ke nan. Amma awon zamani ya nuna cewa tazarar da aka raba ta kai kimanin kilomita 10,002, wato sandar ta gaza da kusan milimita 0.2. Ke nan kuskuren ya shiga tun daga lamba ta huɗu, sauran biyun kuwa ba su ɗauke da wani tabbaci. Babban dalilin gazawar shi ne siffar duniya ba ta tafi bai ɗaya kamar yadda lissafinsu ya ɗauka ba.

Duk da haka ba a gyara tsawon mita ba. Yarjejeniyar Mita ta 1875 da sabuwar sandar 1889 sun bi tsawon 1799. Ko a 1983, da aka jingina mita ga nisan da haske ke ci a cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na daƙiƙa, wannan tsawon aka riƙe.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa awo na iya jituwa alhali bai inganta ba, kuma mai awo ba shi da hurumin rubuta lambobin da na'urarsa da hanyar lissafinsa ba za su iya tabbatarwa ba.