Jar Dunduniyar Sarkin Faransa

A shekarar 1701 Sarki Louis na 14 na Faransa ya sa mai zane Hyacinthe Rigaud ya zana shi, da niyyar aika wa jikansa Philip na 5, wanda bai daɗe da hawa gadon sarautar Sifen ba. Da aka kammala, hoton ya burge fada har aka fasa kyautar, aka ce a zana wani irinsa. Na asalin, mai tsawon mita 2.77, yana gidan tarihi na Louvre a birnin Faris.

Alkyabbar da sarkin ya sa a hoton ce ke fara cika ido. Shuɗin karammiski ce, an watsa mata furannin zinariya, tambarin gidan sarautar, cikinta kuma farin gashin wata 'yar dabba mai tsadar gaske. Ta yi yawa har tana jan ƙasa, kuma da gangan ne: mai irin wannan sutura ba ya aikin ƙarfi. A ƙugunsa ga takobin naɗin sarauta da ake dangantawa da tsohon sarki Charlemagne.

Amma a ganina isar ba a kayan take ba, a yadda ya yi musu riƙon sakainar kashi take. Kambin sarauta ba ya kansa, yana gefe a kan matashi. Sandar mulki ya juya ta kai ƙasa, ya dogara da ita kamar kwagiri. Ɗaya hannun ya riƙe ƙugu, yana kallon mutane sheƙeƙe. Ba ya bukatar ya nuna wa kowa cewa shi ne sarki.

Sai ƙafafu. An yaye alkyabbar musamman don a gan su cikin farar safar siliki, ɗaya gaba ɗaya baya, tsayuwar gwanin rawa. Louis ya yi rawa ƙwarai a ƙuruciyarsa. A 1653 ya fito a matsayin Rana a wani wasan fada. To amma a 1701 ya haura sittin, ciwon gaɓoɓi ya kama shi, haƙoransa na sama sun zube. Rigaud bai ɓoye tsufan fuskar ba, kumatun sun saki a ƙarƙashin tulin gashin aro, sai dai ƙafafun na saurayi ne. Fadanci ke nan da burushi.

Takalman kuwa jar dunduniya gare su, mai tudu. A fadar Louis wannan alama ce ta 'yan sarauta masu shiga wurin sarki, kamar rawani mai kunne biyu a Kano: kafin mutum ya buɗe baki an san gidansu.

Magadansa, Louis na 15 da na 16, duk an zana su cikin irin wannan alkyabba. Napoleon, da ya zo bayan juyin juya halin da ya fille kan na 16 a 1793, bai yar da salon ba. Ya mayar da karammiskin ja, ya sa ƙudan zuma a madadin furannin.